Gida a Kan Ruwa: Rayuwar Sarkawa da Yawon Bakin Gulbi a Lokacin Hunturu

Idan hunturu ya sauka a Sakkwato, kowa ya san abin da safiya ke zuwa da shi. Hazo ya rufe gari, leɓɓa sun tsage, yara na gudun ruwan wanka, ke kuma kina gindin murhu, hannu ɗaya na dama kunu, ɗayan riƙe da waya. Wataƙila a irin wannan zaman ne kika ci karo da bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok, na Turawan da suka bar gidan ƙasa suka tare a jirgin ruwa mai tafiya da iska, miji da mata da 'ya'ya, suna bin gaɓar teku gari-gari a lokacin sanyi. Kicin a ciki, gado a ciki. Kika girgiza kai kika ce lallai duniya da faɗi take.

To, ba sai an je teku ba. Mu ma muna da mutanen da jirgi ne ɗakinsu, tun kaka da kakanni, kuma ruwan da suke bi yana wucewa ta bayan garin nan namu. Su Turawan sha'awa ce ta kai su. Namu kuwa neman abinci ne.

Su wane ne Sarkawa?

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya zo ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya yi kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, har ya faɗa Kogin Kwara, wanda ake kira Neja. Duk tsawon wannan hanya akwai Sarkawa, masunta na gado waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu da Sorko, mutanen ruwa na daular Songhai. Yau Hausa suke ji, kuma ƙasar Kabi ce cibiyarsu.

Basarke ba ya zama wuri ɗaya idan kifi ya yi nisa. Sarkawa sun bi Kwara sun yi arewa har ƙasar Mali, wasu sun gangara sun shiga Binuwai, wasu sun kai Tafkin Chadi. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya bi kogin Kwara a kwalekwale a tsakanin 1946 da 1947, ya yi rubutu a kan wannan yawo nasu a 1950. Idan kin lura da yawan ƙauyukan bakin ruwa masu suna Tungar wane da Tungar wane, da dama daga cikinsu haka suka faro: zango ne na ɗan lokaci, zama ya yi daɗi, ya zama gari.

Me ya sa ake tafiya da hunturu?

Ga abin mamaki. A watan Disamba da Janairu, sa'ad da ko ɗigon ruwan sama babu, Rima tana janyewa, sai abin da aka sako daga madatsar ruwa ta Goronyo, kamar yadda Gulbin Sakkwato ke jiran na Bakolori. Amma a daidai lokacin nan Kwara cika take yi a Yamai da Yawuri.

Dalili shi ne, ruwan daminar da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini ba ya isowa nan da wuri. Sai ya fara bazuwa a wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, wajen Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana cikin sanyi. Don haka ne masana ke kiran sa baƙar ambaliya, domin ya fi jan ruwan damina tsabta da duhu. Ke nan da hunturu akwai ruwan da zai ɗauki babban jirgi a Kwara, a fadamun Rima kuma ruwa ya ja baya ya tara kifi a tafkuna. Ga sanyi da busasshiyar iska, waɗanda ke sa kifi ya daɗe bai lalace ba, banda kuma ta yi kyau. Kowane ɓangare masunci ya duba, lokacin aikinsa ne.

Iskar hunturu ma tana da rana. A manyan ruwaye akan ɗinke buhuna ko ƙyalle a kafa a jikin sanda, iska ta tura jirgi, a huta da tuƙi, a rage kuɗin mai.

Ɗakin uwargida a cikin jirgi

Yanzu ki kwatanta kanki a matsayin matar gidan. Jirgin katako ne dogo. A tsakiyarsa an yi rumfa da zana ko tabarma, yanzu kuma har da leda. Nan ne ɗaki, nan ne falo. A ƙarƙashin rumfar akwai buhun gero, turmi da taɓarya, tukwane, gidan sauro da bargo, wani lokaci har da kaji a akurki. Murhu kuwa a kan kasko ko daro mai cike da yashi ake ɗora shi, saboda garwashi ɗaya ya isa ya ƙone gidan gaba ɗaya.

Aikinta ba ya ƙarewa. Jirgin katako ba ya rasa yoyo, saboda haka kwarfar ruwa da ƙwarya aikin kullum ne. Idan aka yada zango a kan yashi ko tsibiri, maza su tafi da taru da koma da mamari, ita kuma ta karɓi abin da aka kamo: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, idan an yi sa'a giwan ruwa. Ta fafe, ta wanke, ta jera a kan wuta. Bandar da kike saya ki jefa a miyar kuka, sau da yawa hannun irin wannan mace ce ya yi ta, cikin hayaƙi da sanyin asuba.

A cikin duk wannan, idonta ɗaya yana kan yaro mai rarrafe. Ke a gida kina iya jawo ƙofa ki rufe. Ita taku biyu ne tsakanin ɗanta da ruwa. Shi ya sa goyo ba ya sauka daga baya sai da dalili, kuma 'ya'yan Sarkawa ke koyon iyo tun suna ƙanana ƙwarai.

Akwai kuma abin da wannan rayuwa ke ci. Yaron da ya bi iyayensa wata uku ko huɗu ya bar aji. Awon ciki da allurar rigakafi sukan wuce mace tana tsakiyar ruwa. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, kuma aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, sai dai har gobe tunga da yawa makaranta ta yi musu nisa. Idan kin ga bidiyon Baturiya tana koya wa ɗanta karatu a jirgi, ki tuna da wannan 'yar'uwa taki.

Inda za ki kai yara su buɗe ido

Hutun ƙarshen shekara yana faɗowa ne cikin hunturu, kuma gani ya kori ji. Ba sai kin kwana a jirgi ba kafin yaranki su san ruwan ƙasarsu.

Mafi kusa shi ne Kwalkwalawa, a kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku je da hantsi, bayan hazo ya ɗaga. Za ku ga masunta da kwalekwalensu, da lambunan rani shar a fadama, da tsuntsayen ruwa, waɗanda wasunsu daga Turai suke gudo wa sanyi. Ki ba yara labarin ambaliyar watan Satumban 2010, lokacin da ruwa ya yanke wannan hanya, malamai da ɗalibai suka koma ƙetarewa a kwalekwale.

Idan da hali, sai Argungu, tafiyar kimanin kilomita 100. Bikin kamun kifi na can ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan daɗaɗɗiyar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Akan yi shi a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu ko Maris, a Matan Fada, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda da homa da gora. Akwai kuma wasannin kabanci: tseren jirage, ninƙaya, nutso da kamun agwagwa. Ba kowace shekara ake yi ba, don haka ki saurari sanarwa. Ko babu biki, gidan tarihi na Kanta yana nan. Tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958.

Mai son ganin babban ruwa kuwa sai Yawuri, ta Jega da Koko. A can Kwara take buɗewa ta zama tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Ruwan ya shanye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. A Busar nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya yi watanni yana kwana a jirgi tun daga Mali. Ranar kasuwa za ki ga manyan jirage masu rumfa sun jeru a bakin ruwa, kuma a nan Gungawa ke nuna gwanintarsu a bikin Rigata.

Kowace tafiya ce, ku shawarta da maigida, ku tambayi lafiyar hanya, ku yi ta da rana. Yankin Goronyo da gabashin jiha kam a haƙura da yawon buɗe ido har Allah ya kawo zaman lafiya.

Kafin ki sa ƙafa a jirgi

Nan ne maganar take da nauyi. A watan Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a jihar Kabi, gommai suka rasu. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a Gidan Magana, ƙaramar hukumar Shagari. A Mayun 2023 yara 15 daga Dandeji, duk a Shagari, suka rasu a hanyar neman itace. A Agustan 2025 wani jirgin mai ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Kowa da ajalinsa, amma an umurce mu da riƙo da sababi. Abubuwan da ake yawan ambatawa bayan irin wannan hatsari ba sa canzawa: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, rashin rigar kariya, tafiyar dare. Hunturu kuma yana ƙara nasa: hazo da ke hana matuƙi hangen gaba, iska mai tayar da igiyar ruwa, da ruwa mai sanyi da ke saurin kashe wa yaro jiki. A tafkin Kainji akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun zamanin da aka cika shi.

Saboda haka, uwargida, ki riƙe waɗannan:

- Ki dubi gefen jirgi. Idan ruwa ya kusa bakinsa, kada ki shiga, ko da an ce shi ne na ƙarshe. Asarar kuɗin mota ta fi sauƙi.
- Ki nemi rigar kariya, ke da kowane yaro, wadda ta yi daidai da jikinsa, a ɗaure ta da kyau. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare.
- Idan hazo ya yi kauri, ku jira rana ta ɗaga.
- Kowane ƙaramin yaro ya kasance da babba guda mai kula da shi, kusa da hannu. Kada ki damƙa ƙanne a hannun yayarsu 'yar shekara goma.
- A zauna wuri ɗaya. Ba tashi tsaye don ɗaukar hoto, ba rugawa gefe guda don kallon wani abu.
- Yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu. Ki ajiye waya, ido shi ne tsaro.
- Idan wani ya faɗa ruwa kuma ba ki iya iyo ba, kada ki bi shi. Ki miƙa sanda ko zane, ko ki jefa jarka marar komai a ciki, mai murfi a rufe, ki yi kururuwa.
- Wanda aka tsamo, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba a gani da ido. Ruwan tafki da gefen gulbi inda dodon koɗi ke zama yana ɗauke da tsargiya. Ta fata take shiga, ko da wasa kawai yaro ya yi a ciki. Idan kin ga jini a fitsarin ɗanki bayan makonni ko watanni, ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Cuta ce, kuma tana da magani a asibiti.

Ki kai su su ga ruwa, uwargida. Ki sa musu rigunan sanyi, ki shafa musu man kaɗe, ku yi addu'ar hawa, ki nuna musu matar da ke banda a bakin gaɓa, ki gaya musu daga ina kifin miyarsu ya fito. Idan kuma kin taɓa ƙetare gulbi da goyo a baya, ko kin tashi a gidan masunta, ki ba mu labari a ƙasa, 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.