Shugabannin Nijeriya Tun Daga 1999

Ran 29 ga watan Mayu, 1999, Janar Abdulsalami Abubakar ya danƙa mulki a hannun Cif Olusegun Obasanjo, soja suka koma bariki. Daga ran nan zuwa zaɓen 2023 mutum biyar suka hau gadon shugabancin ƙasa, ba kuwa wanda ya hau da bakin bindiga.

Abin da Doka Ta Shimfiɗa

Shugaba yakan yi shekara huɗu, ba a kuwa zaɓensa fiye da sau biyu. Kafin a ce mutum ya ci, sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami rubu'in ƙuri'un da aka jefa cikin kashi biyu bisa uku na jihohi. An yi haka domin kada wani ya dogara ga ƙabilarsa kaɗai.

Yadda Aka Jarraba Dokar

Obasanjo ya yi shekara takwas. Cikin 2006 aka nemi a gyara Tsarin Mulki don a ƙara masa zango na uku, Majalisar Dattawa ta ƙi. Saboda haka ya sauka a 2007, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon Gwamnan Katsina, ya hau. Shi da bakinsa ya yarda zaɓen da ya kawo shi yana da aibu.

Ran 5 ga Mayu, 2010, Allah ya yi masa rasuwa bayan doguwar jinya. Ba a yi jayayya ba, aka rantsar da mataimakinsa, Dokta Goodluck Jonathan, mutumin Bayelsa, yadda doka ta ce. Ya ci zaɓen 2011, amma a 2015 Muhammadu Buhari na jam'iyyar APC ya kayar da shi. Tun ba a gama faɗin sakamako ba Jonathan ya buga masa waya ya yi masa barka. Wannan ne karo na fari da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Nijeriya.

Buhari, mutumin Daura, ya cika shekara takwas, ya miƙa wa Bola Ahmed Tinubu, tsohon Gwamnan Legas, ran 29 ga Mayu, 2023.

Abin Lura ga Jama'a

Sau uku ke nan aka gwada doka, ta tsaya. Amma doka ba ta tsare kanta. Wajibi ne ga duk wanda ya cika shekara 18 ya rubuta sunansa, ya adana katinsa, ya fita ran zaɓe. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa ya sayar da bakinsa har shekara huɗu.