Tabbatar da 'yan takara a jam'iyyun siyasar Najeriya

Tabbatar da ɗan takara shi ne matakin da shugabannin jam'iyya suke sa hannu su miƙa wa Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa (INEC) sunan wanda ya lashe zaɓen fidda gwani, domin ya tsaya wa jam'iyyar a babban zaɓe. Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ba da damar takarar kashin kai ba. Duk mai son kujerar shugaban ƙasa, gwamna ko ɗan majalisa sai ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma ita ta tsayar da shi. Saboda haka lashe zaɓen fidda gwani kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan takara, sai sunansa ya isa INEC ta hannun waɗanda doka ta yarda su kai shi.

A maganar yau da kullum ana cakuɗa kalmomi biyu. Tantancewa ita ce binciken takardu da cancantar mai neman takara kafin zaɓen fidda gwani. Tabbatarwa kuwa bayan zaɓen take zuwa.

Masu ikon sa hannu

Ikon yana hannun uwar jam'iyya ta ƙasa. Kwamitin gudanarwa na ƙasa ne yake tura kwamitocin da za su gudanar da zaɓen fidda gwani a jihohi, shi ne kuma yake karɓar rahotonsu. Takardar jerin sunayen da ake miƙa wa INEC tana ɗauke da sa hannun shugaban jam'iyya na ƙasa da sakatarenta na ƙasa. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukuncin cewa zaɓen da shugabannin jam'iyya na jiha suka shirya da kansu, na kujerar gwamna ko ta majalisar tarayya, ba shi da inganci, komai yawan jama'ar da suka halarta. Wannan ne ya sa rikicin shugabancin jam'iyya yakan yi zafi idan zaɓe ya ƙarato.

Tanadin Dokar Zaɓe ta 2022

A ƙarƙashin wannan doka aka gudanar da zaɓen 2023. Ta wajabta wa jam'iyya ta sanar da INEC aƙalla kwana 21 kafin zaɓen fidda gwani, domin hukumar ta sa ido. A wancan lokacin ta amince da hanyoyi uku: 'yar tinƙe, zaɓen daliget, da maslaha. Idan maslaha za a yi, sai duk waɗanda aka tantance sun ba da yardarsu a rubuce. A lokacin, Sashe na 29 ya ce a miƙa sunaye aƙalla kwana 180 kafin ranar zaɓe. Bayan an miƙa, ba a canza suna sai idan ɗan takara ya rasu ko ya janye da kansa, sannan a sake zaɓen fidda gwani cikin kwana 14. Wanda ya shiga zaɓen kuma yake ganin an zalunce shi zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya, amma Kundin Tsarin Mulki kwana 14 kacal ya ba shi ya shigar da ƙara.

Shari'o'i

A jihar Ribas, Rotimi Amaechi ya lashe zaɓen fidda gwani na PDP, amma jam'iyyar ta musanya sunansa da na Celestine Omehia. A watan Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce musanyar ba ta bi doka ba, ta ayyana Amaechi a matsayin gwamna, duk da cewa ba shi ne aka tallata wa masu zaɓe ba.

Na Zamfara ya fi kowanne tsada. A 2018 ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa sun kasa daidaitawa, kwamitin da uwar jam'iyyar APC ta tura bai kammala zaɓe ba har wa'adin INEC ya cika. Ɓangaren gwamna ya ce shugabannin jiha sun gudanar da nasu. Umarnin kotu ya sa aka bar jam'iyyar ta shiga zaɓen 2019, ɗan takararta Mukhtar Idris ya samu ƙuri'u sama da 500,000, Bello Matawalle na PDP bai kai 200,000 ba. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta da halastattun 'yan takara, ƙuri'unta sun tafi a banza. Haka ta rasa kujerar gwamna, da na sanatoci uku, da na majalisar wakilai bakwai, da duk na majalisar jiha.

A Ondo kuma sa hannun kansa aka ƙalubalanta. Eyitayo Jegede na PDP ya ce Mai Mala Buni, wanda yake gwamnan Yobe kuma shugaban riƙon APC a lokaci guda, bai cancanci sa hannu a takardar Rotimi Akeredolu ba. A watan Yulin 2021 alƙalai huɗu cikin bakwai suka yi watsi da ƙarar, saboda ba a saka Buni cikin waɗanda ake ƙara ba.

A Yobe ta Arewa, Bashir Machina ya lashe zaɓen da INEC ta sa ido a kansa a watan Mayun 2022, lokacin da Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan yake neman tikitin shugaban ƙasa. APC ta miƙa sunan Lawan. Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu da Kotun Ɗaukaka Ƙara duk sun ba Machina gaskiya. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, alƙalai uku cikin biyar na Kotun Ƙoli suka soke hukuncin, bisa hujjar cewa ƙarar ta ƙunshi zargin maguɗi, kuma ba a shigar da ita ta hanyar da za a saurari shaidu ba. Hukuncin ya sha suka daga lauyoyi da dama, domin ya tsaya kan salon shigar da ƙara, bai warware batun wanda daliget suka zaɓa ba. Lawan ya tsaya takara, ya kuma koma majalisa.