Wasabi: Shukar da Ba Ta Yarda da Ruwan Tsaye

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Hotaka da ke Azumino, a lardin Nagano na ƙasar Japan, ya hau keken haya ya nufi gonar Daio, kunnensa ne zai riga idonsa isa. Ƙarar ruwa ake fara ji. Gonar ta kai kimanin hekta 15, tana cikin mafi girman gonakin wasabi a ƙasar, amma babu turɓaya a cikinta sai tsakuwa da aka tayar kunya-kunya, ruwa garai-garai yana ratsawa ta tsakaninsu dare da rana.

A nan sirrin yake. Ƙanƙarar da ke kan manyan tsaunukan yamma da garin ita ke narkewa, ta nutse cikin ƙasa, ta ɓullo a kwarin a matsayin marmaro. Ruwan da ke ratsa gonar yakan kai tan 120,000 a kullum, kuma sanyinsa ba ya nisa da digiri 13, ko ana zafi ko ana hunturu. Wasabi ba ya son ruwan tsaye, ba ya son ruwan ɗumi, ba ya son hasken rana kai tsaye. Shi ya sa idan zafi ya shigo ake shimfiɗa baƙar raga a saman kunyoyin. Rabin aikin manomin nan kula da ruwa ne: kwashe laka daga tsakuwa, gyara gangaren kunya don kada ruwa ya kwanta a wani wuri. Tun 1917 aka fara share wannan fili, kuma sai da aka shafe shekaru ana kwasar duwatsu da hannu kafin ya zama gona.

Shukar 'yar gidan kabeji ce. Abin da ake nema a jikinta shi ne kara mai kauri da ke gindi, wanda sai ya yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin a cire shi. In ka gatsa shi haka nan ba za ka ji wani yaji ba. Sai an goga shi, a al'adance a kan busasshiyar fatar kifin shak, sannan sinadaran cikinsa su haɗu su haifar da zafin. Barkono harshe yake ƙonawa ya daɗe. Wasabi kuwa hanci yake hawa, ya sa hawaye, nan take ya wuce ya bar ɗan zaƙi. Bayan kamar minti 15 da gogawa ƙarfinsa ya fara gushewa, don haka masu sayar da sushi na ƙwarai a gaban mai ci suke gogawa.

Tarihin nomansa ya fi tsufa a lardin Shizuoka. A ƙauyen Utogi aka fara dasa shi wajen shekara 400 da suka wuce, kuma ana cewa Tokugawa Ieyasu, mai mulkin soja na lokacin, ya so shi har ya hana a fitar da irinsa daga ƙauyen. A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya noman gargajiyar yankin cikin gadon noma na duniya. Daio kuwa mai shirya fina-finai Akira Kurosawa ne ya ƙara mata suna, da ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a bakin kogin da ke gefenta. Injinan niƙa na katako masu juyawa da ruwa suna nan har yau, baƙi na ɗaukar hoto. Har askirim mai wasabi ake sayarwa, ga mai son gwadawa.

Abin takaici, yawancin koren kwaɓin da ake ci a duniya da sunan wasabi ba shi ba ne. Wata saiwa ce mai yaji 'yar asalin Turai, a haɗa ta da mustad a zuba launi. Ba zan ga laifin 'yan kasuwa sosai ba: shukar da ta fi son ruwan marmaro mai sanyi ba za ta taɓa wadatar da duniya ba. Ga ɗumamar yanayi tana taɓa ruwan, ga guguwa na lalata gonakin kan tudu a Shizuoka, manoman da suka iya tayar da kunyar tsakuwa kuma tsufa na cim musu, 'ya'yansu sun koma birni.