Neman Izni Kafin a Gyara Gida

Mutane da yawa suna zaton cewa wanda ya mallaki gida yana da ikon ya rushe ko ya ƙara abin da ya ga dama. Ba haka doka ta ce ba. Takardar shaidar mallakar fili, wadda Gwamna ke bayarwa bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana nuna haƙƙin mutum a kan filin ne kawai. Iznin gini kuwa takarda ce dabam.

Gyaran da ke Bukatar Izni

Dokar Tsara Birane ta 1992 ta hana yin gini ba tare da yardar hukuma ba. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Saboda haka magidanci a Hammadu Kafi, ko wata unguwa ta Gombe, zai nufi hukumar tsara birane ta jihar in yana son ɗora bene, ko ƙara ɗaki, ko cire bangon da ke ɗauke da rufi, ko fitar da shago a jikin katanga. Fenti da yaɓe da toshe yoyo ƙananan gyare-gyare ne waɗanda ba su taɓa ƙashin gini.

Abin da Za a Kai

Mai nema zai kai takardar fili, da taswirar wurin, da zanen gini daga hannun mai zane mai rajista. In bene ne, sai an haɗa da lissafin injiniya. Ma'aikata za su zo su duba wurin kafin a sa hannu. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasiɗi.

Dalilin Wannan Doka

Ƙasar Gombe mai rairayi ce, zaizaya kuma ta riga ta haƙa kwazazzabai cikin gari. Harsashen da aka yi don ɗaki ɗaya ba lalle ya ɗauki bene ba. Katangar da ta ci lambatu kuwa takan juya ruwan damina zuwa gidan maƙwabci.

Wanda ya yi gini ba izni, hukuma na iya tsayar da aikin, ko ta rushe shi, asarar kuma tasa ce. A nemi izni tukuna, sa'an nan a sayi siminti. Rigakafi ya fi magani.