Sarki Buhari a Alƙalamin Mai Ƙagaggen Labari

Duk ɗan Haɗeja ya ji sunan Buhari ɗan Sambo tun yana ƙarami. Ya hau gadon sarauta a 1848, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya ƙwace garin, ya tarwatsa rundunar da aka haɗo masa a Kafur, kuma bai sake yi wa Sakkwato biyayya ba har ya faɗi a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade a 1863. Marubuci ba zai ji wannan ya rasa ƙaiƙayin hannu ba. Sai dai aikin ya fi yadda ake zato nauyi.

Matsalar farko ita ce tarihi ba ya ba ka duk abin da labari ke buƙata. Bature Victor Low ya tattara bayanan baka na dattawan Haɗeja da Katagum da Gombe ya wallafa a 1972, marigayi Farfesa Haruna Wakili ma ya yi bincike a kan masarautar. Za ka samu sarakuna da yaƙe-yaƙe a irin waɗannan ayyuka. Amma me aka ce a zaure daren da saƙon tuɓewa ya iso? Me matar barade take ji idan an buga tambari? Nan ne mai ƙagawa yake shiga, kuma ƙa'idarsa guda ce: ya cike giɓi, kada ya rushe abin da ya tabbata. Dabarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ke nan a Shaihu Umar, ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya ratsa da shi zamanin bauta na gaskiya. Ni a ganina, wanda zai taɓa Buhari gara ya ɗora labarin a bakin masunci ko makaɗin fada, ya bar sarkin ana hango shi daga nesa.

Dalili kuwa, Buhari ba ɗaya ba ne. A mahangar Sakkwato ɗan tawaye ne. A Haɗeja jarumi ne da ya ƙi rusunawa. A garuruwan gabashin Kano da dawakinsa suka kai wa hari, abin da aka gada shi ne labarin gudu da kamun bayi. Kuma zuriyar dukansu suna nan da ransu, wasu maƙwabtanka ne, wasu surukanka. Jimla ɗaya za ta iya jawo maka gaba da gida guda, har a daina amsa sallamarka. Wanda ya ji tsoro ya rubuta kirari zalla, ya ɓata takarda.

Kogin Haɗeja ma ya sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta daina zuwa yadda ta saba zuwa, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Fadamar da mahayan Buhari suka keta ba ita ce ta yau ba, dole a zauna da tsofaffin masunta a tambayi inda mashigi yake a da.

Idan an gama, sai ɗab'i. Galibi marubuci ne zai kai aikinsa maɗaba'a a Kano da kuɗin aljihunsa, ga takarda na hawa da hawan dala. Dillalai su karɓi littafi bashi, sai an sayar a biya. Labarin soyayya yana tafiya da sauri, na tarihi kuwa mai kauri ne, mai jan ƙafa, sai in ya dace an sa shi a manhajar makaranta. Kafin nan, ta yiwu wani ya riga ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a WhatsApp, 'yan Haɗeja na Legas da Jidda suna karantawa suna jinjina, alhali mai littafin bai gama biyan maɗaba'a ba.