Matuƙan Kwale-kwale na Yawuri

Ranar kasuwa a Yelwan Yawuri, tun da sanyin safiya kwale-kwale ke jeruwa a bakin kogin Kwara, wasu ɗauke da buhunan shinkafa da albasa, wasu da busasshen kifi, wasu kuma cike da mata da goyo. Tuƙin jirgi a wannan yanki gadon Sarkawa da Gungawa ne, kuma ya ƙara muhimmanci tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da gonaki, garuruwa da yawa suka koma ba a isa gare su cikin sauƙi sai ta ruwa.

Yaro yakan fara ne da kwarfar ruwa daga cikin jirgi da riƙon igiya, kafin a ba shi filafili. Abin da zai fara ganewa shi ne jirgi ba ya gusawa don an tura shi daga ciki. Ko ƙato ne ya dafe katakon gaba ya yi ta nishi, yana nan inda yake. Sai an sami wani abu a waje an tura shi baya. Inda ruwa bai da zurfi, matuƙi zai kafa doguwar gora a ƙasan kogi, ya jingina da ita, ya danna ƙasa baya, ƙasa kuma ta danna shi gaba, ƙarfin ya bi ta ƙafafunsa ya shiga jirgin. Idan an shiga zurfi sai a koma ga filafili, wanda ke ɗibar ruwa yana watsa shi baya. Ka lura da ɗan mulmulallen ruwan da ke juyawa a bayan kowane bugu: wannan ne ruwan da aka tura, shi ne kuma ya tura jirgin.

Masanin Ingila Isaac Newton ya rubuta wannan ƙa'ida a 1687, cewa duk abin da ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiya. Ɗalibai kan tambaya: to in ƙarfin biyu daidai suke, me zai hana su kashe juna? Amsar tana hannun matuƙi. Ƙarfi ɗaya a kan ruwa ya sauka, ɗayan a kan jirgi. Ba a kan abu guda suka haɗu ba, don haka ruwa ya yi baya, jirgi ya yi gaba. Ni a ganina malamin kimiyya da ke koyarwa kusa da kogi, in ya kai yaransa gaɓa sau ɗaya, ya huce dogon bayani a allo.

Wannan ƙa'idar ce ma ta sa za ka ji matuƙi yana cewa, "Hajiya, dakata a ɗaure tukuna." Mai sauka yana taka jirgi ne ya tura shi baya don jikinsa ya yi gaba. In ƙaramin jirgi ne mara kaya, sai ya sulale daga ƙarƙashin ƙafa, mutum ya faɗa tsakanin jirgi da gaɓa.

Yanzu inji ya karɓe yawancin doguwar tafiya, amma aikin bai canja ba, farfela ce ke yin abin da filafili ke yi, da sauri kawai. Sai dai injin ya kawo kwaɗayin lodi. Jirgi mai nauyi yana da wuyar tashi, haka kuma yana da wuyar tsayawa ko kaucewa, ga shi babu birki a ruwa, ga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya binne suna nan a ƙasa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya kife kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu.

Tsofaffin matuƙa sun san iyakar abin da jirgi zai ɗauka, da ido suke auna tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa. Ya kamata masu jirage da hukuma su saurare su, a samar da rigunan kariya a kowace tasha. Kai kuma fasinja, in matuƙi ya ce jirgi ya cika, ka haƙura ka jira na gaba.