Ko Kun Sani?

A yawancin ƙananan motoci, tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya ne. Amma a shekarar 2001, da kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da motar Fit, wadda ake kira Jazz a Turai, sai injiniyoyinsa suka mayar da tankin ƙarƙashin kujerun gaba. Wannan dabara ta sa ƙasan motar ta baya ya yi zurfi. Ana iya kwantar da kujerun baya su daidaita da but, ko a ɗaga mazauninsu a tsayar da dogon kaya. Sai dai tun daga zanen mota ake tsara wannan. Sauya wa tanki wuri a garejin unguwa ganganci ne da rayuka.